Gargaɗi ga 'yan Zango masu neman laftof ta gem a Circle

Jama'ar Nima, Mamobi da Madina, ku yi hattara. Akwai wani matashi da ke tallar laftof ta gem a WhatsApp, yana haɗuwa da mutane a Tip Toe Lane da ke Circle a Accra, kuma ɓarawo ne. Sidi 14,500 ya ci mini a kan laftof. Da na RAM (ƙwaƙwalwar aikin kwamfuta) da SSD (ma'ajiyar fayiloli) da ya sayar mini, sidi 1,800, ya zama 16,300. Kuɗin da na daɗe ina tarawa daga ɗinki.

Kada wanda ya ce mini ban duba ba. Na duba! A gabana ya kunna ta, ya buɗe Device Manager, inda Windows ke nuna kayan cikin kwamfuta, ga sunan katin hoto na gem, RTX 4060 na kamfanin NVIDIA, a rubuce ɓaro-ɓaro. Ga sitikar NVIDIA a gefen kibod, ga kwali, ga caja a leda. Wa zai ga wannan ya ce ƙarya ce? Shekara nawa ina taɓa kwamfuta, ni nake sa wa yaran layinmu Windows.

Abin da ke hana ni barci shi ne maganarsa. Da Hausa ya yi mini sallama. Da na tsaya ina jujjuya ta, sai ya dafa kafaɗata ya ce, "Yaya, ni ɗan Zango ne kamar kai, in na cuce ka ina zan sa kaina ranar Lahira?" Haka ya faɗa, yana kallon idona. Yaya. Har ya ce in riƙe laftof ɗin zai je ya yi La'asar ya dawo, ya bar ni da ita a hannu. Mutumin da ya bar maka kayan sidi 14,500 ya tafi salla, ta ina za ka zarge shi?

Da na kai gida na goge Windows ɗinsa na sa sabuwa, na sauke direban NVIDIA, wato manhajar da ke sa katin aiki, sai ga RTX 2050. Mai 4GB. Ita 4060 ta laftof 8GB gare ta, ta 2023 ce, wannan kuwa tun ƙarshen 2021 aka sanar da ita. Ashe sunan kawai ya canza a cikin rajistirin Windows, abin da ba ya ɗaukar minti biyar. A'a, kafin nan ma RAM ɗin ne ya fara tona shi. Na kwance sukurori na buɗe bayanta zan ƙara 16GB da ya sayar mini, ta ƙi zama. Tsagar da ke ƙasanta ba ta dace da ramin ba ko kaɗan. Na ɗaga sitikar da farce, sai ga tsohuwar RAM samfurin DDR3 an manna mata takardar DDR4. SSD ɗin kuma yana nuna 1TB, amma gem ɗin da na zuba duk sun lalace, ba wanda ke buɗewa. Sidi 1,800 kenan a shara.

Kuɗin ma ta MoMo, wato tura kuɗi ta layin waya, na tura, tun muna tsaye. Sunan mace ya fito, ya ce matarsa ce. Mutum nawa a Accra ke karɓar kuɗi da layin matarsa? Ba abin mamaki ba ne.

Na koma shagon da muka tsaya a bakinsa, mai shagon ya ce bai san shi ba, inuwa kawai yake sha a wurin. Layinsa a kashe, ya toshe ni a WhatsApp. Sidi 16,300, jama'a, ya kira ni Yaya ya karɓe.

Hotunan hirarmu, da saƙon MoMo, da hoton RAM ɗin da sitikar a ɗage, duk suna wayata, zan sa su da daddare. Na kuma kira 292, layin hukumar tsaron intanet ta Ghana, na ba da rahoto.

In za ku saya, ku je da GPU-Z, manhajar da ke nuna bayanan katin hoto, a filashinku, ku ga yawan GB na katin da idonku, ku duba lambar siriyal a shafin kamfanin. Ku biya a cikin shago, da rasit. Wanda ya ƙi, ku bar masa kayansa.

Shi kuma ban yafe ba. Wallahi ban yafe sidi 16,300 ɗin nan ba, kuma duk wanda ya taɓa faɗawa hannunsa ya neme ni mu je ofishin 'yan sanda tare.