Kyamarar Zafi Ta Jirgin Ruwa: Ka Duba Allo Da Wayoyin Jirginka Kafin Ka Biya

Mai sayar da kyamarar zafi hoto zai fara nuna maka: dare baƙi ƙirin, ga mutum cikin ruwa ya fito fari fat a allo, ga kwale-kwale marar fitila ya bayyana tun daga nesa. Hoton ba ƙarya ba ne. Kyamarar ba ta neman haske, zafin da jiki ke fitarwa take karantawa, a zangon da ke tsakanin maikuromita 8 da 14, shi ya sa duhu bai dame ta ba. Abin da ba kasafai ake ɗauko zancensa a shago ba shi ne yadda hoton zai sauko daga saman jirgi ya iso gaban matuƙi, da ko matuƙin zai iya juya kyamarar daga allon da yake da shi. A nan kuɗi ke salwanta. Kyamara mai tsada da ta ƙi jituwa da allon taswirar jirgi, matuƙi zai daina kunna ta, kuma ranar da mutum ya faɗa ruwa tana kashe.

Saboda haka tambayar farko ba ta kyamara ba ce. Allon wane kamfani ne a ɗakin tuƙinka, wane samfuri, kuma wace manhaja ce a kansa?

Jirgin zamani yana da hanyoyin sadarwa iri biyu tsakanin na'urorinsa, ta NMEA da ta Ethernet, kuma masu saye da yawa suna cakuɗa su. Akwai NMEA 2000, wadda ke ɗaukar ƙananan bayanai irin su wurin da jirgi yake, alƙiblarsa, zurfin ruwa da bayanan inji. Gudunta kilobit 250 ne kacal a daƙiƙa. Yayarta, NMEA 0183, ta fi ta nawa: bit 4,800 take gudu a daƙiƙa, ko 38,400 idan ta AIS ce, wato na'urar da jirage ke sanar da juna sunansu da wurin da suke. Babu ɗaya cikinsu da za ta ɗauki bidiyo. Bidiyo kan wayar Ethernet yake bi, hanyar da rada da na'urar duba ƙarƙashin ruwa suke bi. In wani ya ce maka "ai jirginka yana da NMEA 2000, za ta hau," bai amsa tambayar ba. Ka leƙa bayan allon ka ga ko akwai ƙofar Ethernet da ba a cusa komai ba. In babu, sai ka saka kuɗin suwic irin na jirgin ruwa, wato akwatin da ke ƙara ƙofofin Ethernet, a lissafi tun yanzu.

Hanya mafi sauƙi: kyamara da allo 'yan gida ɗaya

FLIR ne ya fi suna a wannan kasuwa. Ya sayi Raymarine a 2010, sannan Teledyne ya sayi FLIR a 2021, don haka kyamarorin FLIR da allunan Raymarine Axiom gidansu ɗaya. Ka haɗa M232, ƙaramar kyamarar zafi ta FLIR, da Axiom da wayar RayNet, wato wayar Ethernet ta Raymarine, allon zai gano ta da kansa, ka juya ta da yatsa, ka kusanto da hoto, ka canza launi. Akwai kuma ClearCruise, manhajar da ke zagaye abin da ba ruwa ba a cikin hoton ta ja hankalin matuƙi. Wannan kan Axiom yake aiki. Wanda ya ga tallarsa ya sayi M232 ya kai ta kan allon wani kamfani zai sami hoto, zai iya juyawa, amma kada ya sa ran wannan faɗakarwar.

Idan sabon jirgi ake haɗawa kuma ba a riga an sayi allo ba, ni wannan hanyar zan bi, domin ranar da matsala ta taso kamfani ɗaya za ka kira, ba mai tura ka wajen wani.

Amma yawancin jirage ba sababbi ba ne. Allunan Garmin, Simrad da Furuno da dama suna karɓar kyamarorin FLIR, suna nuna hoton, suna juya su. Kalmar "suna karɓa" ita ce abin lura, domin kowane kamfani yana da jerin samfuran da ya amince da su da lambar manhajar da ake buƙata. Allo ɗaya zai iya karɓar M232 ya ƙi wata sabuwa har sai an sabunta manhajarsa. Ka nemi wannan jerin daga kamfanin allon, ba daga bakin mai sayar da kyamara ba, ka nemo lambar samfurinka a ciki da idonka. Masu Garmin su ƙara kula da abu ɗaya: littafin kamfanin ya gargaɗi cewa kada a jona na'urar wani kamfani mai shan wuta ta wayar Ethernet kai tsaye da hanyar sadarwarsu, sai an sa ƙaramin mahaɗin da ke raba wutar, in ba haka ba allon zai iya lalacewa. Mahaɗin ba shi da tsada, allon kuwa yana da ita.

Maganar adireshi

Nan ne injiniyoyi suka fi shan wahala, kuma ya kamata mai saye ya fahimce shi ko da ba shi zai haɗa ba. Kowace na'ura a kan Ethernet tana da adireshin IP, kuma sai adireshin na'urori biyu ya faɗa rukuni ɗaya suke jin juna. Kamar unguwa ne: in ba a san layin gidanka ba, ɗan aike zai yi ta zagaye da saƙo a hannu. Kowane kamfani yana da rukunin da ya zaɓa. Na Furuno, alal misali, da 172.31 yake farawa. Wasu allunan su suke raba wa sauran na'urori adireshi, wasu kuma sukan bar kowa ya ɗaukar wa kansa. In ka ga kyamara ta tsaya kan adireshi mai farawa da 169.254, alama ce ba ta sami mai ba ta ba, sai ta ba kanta. A wani tsarin haka ake so, a wani kuwa shi ne dalilin da allo ya ce babu kyamara alhali fitilarta a kunne take.

Rigimar takan tsananta idan aka shigo da rautar intanet, ta Starlink ko ta layin waya, aka jona ta kan suwic ɗin da allo da rada suke kai. Yanzu masu rabon adireshi sun zama biyu. Yau kyamara ta karɓa daga allo, komai lafiya. Gobe rauta ta riga tashi, ta ba ta wani, hoto ya ɓace, matuƙi ya ce kyamara ta mutu. Ba ta mutu ba. Maganinsa a raba: kayan tuƙi kan hanyarsu, intanet ɗin ma'aikata da fasinjoji kan tasu, in kuma dole a haɗa, a bar mai rabo ɗaya tak. Rada ma tana watsa bayanai masu yawa ga duk wanda ke kan waya, kuma ƙaramar rautar gida takan shaƙe da su. Don haka ka tambayi mai sayarwa ko kyamarar tana barin a kafa mata adireshi tsayayye, da ko tana da shafin saiti da ake buɗewa da burauzar kwamfuta. M232 da jerin M300, manyan kyamarorin FLIR, suna da shi. Kyamarar da sai da wata manhajar waya kaɗai ake saita ta, ni ba na son ta a jirgin aiki.

Kada ka ɗauka cewa tunda wayar Ethernet ce, ita za ta kai wuta. Ƙa'idar PoE, wato kai wuta ta wayar Ethernet, ta farko wat 15.4 take bayarwa, ta biyu wat 30, kuma kyamara mai injin juyawa da hita mai kore raɓa daga gilashinta takan so nata layin daga batirin jirgi, bolt 12 ko 24, da fiyus ɗinta daban. Sandar juyawa, wadda FLIR ke kira JCU, ita ce takan sha wuta ta Ethernet, kuma sau da yawa ba ta cikin kwalin. Tsawon waya ɗaya kada ya wuce mita 100, wanda ba matsala ba ne ga ƙananan jirage. Matsalarsu gishiri ne: kan waya irin na ofis ba ya jimawa a iskar teku.

Ɗaya ko biyu: hanyar fitar hoto

Wannan shi ne bambancin da na fi ba muhimmanci tsakanin ƙaramar kyamara da babba, har fiye da kyan hoto. M232 ta hanyar IP kaɗai take fitar da bidiyo. In suwic ya mutu ko allo ya daskare, ido ya rufe. Jerin M300 kuwa yana da IP, yana da HD-SDI, wato wayar bidiyo ta kai tsaye, yana da tsohuwar hanyar analog, don haka za a iya jan waya kai tsaye zuwa wani allo na daban da bai dogara da kowa ba. Ban da kariya, akwai jinkiri. Bidiyon IP sai an matse shi, an aika, an buɗe, kuma hakan na cin lokaci. Jirgin da ke gudun not 20, kusan kilomita 37 a sa'a, yana cin kimanin mita 10 kowace daƙiƙa. Jinkirin rabin daƙiƙa mita 5 ke nan da matuƙi ya shiga bai gani ba. Ga jirgin sintiri ko na ceto, wannan ba ƙaramin abu ba ne.

Kyan hoto a taƙaice: M232 tana da ɗigo 320 sau 240, wato 76,800. M364, ɗaya daga jerin M300, tana da 640 sau 512, wato 327,680, fiye da ninki huɗu, ga kuma na'urar da ke daidaita ta idan igiyar ruwa na jijjiga jirgi. M364C ta ƙara da kyamarar launi, tana iya gauraya hoton zafi da launin fitilun alamar ruwa, ja ko kore, abin da kyamarar zafi zalla ba ta bambancewa. Farashin ma ninki-ninki ne. Ka kuma duba saurin hoto a takardar oda. Dokokin fitar da kaya na Amurka sun sa ana yin samfurin da bai wuce hoto 9 a daƙiƙa ba domin sauƙin fitarwa, mai 30 kuwa yakan buƙaci izini. Suna ɗaya, kamanni ɗaya, lambar kaya daban. Ka tabbatar wadda ka gani a gwaji ita aka rubuta maka.

Ka kuma tabbatar kyamarar zafi ce. SIONYX Nightwave, alal misali, ana tallarta don tafiyar dare kuma tana da amfaninta, amma ɗan hasken da ke akwai take ƙarawa, ba zafi take gani ba.

Idan hoton zai wuce ɗakin tuƙi

Kamfanin da ke da jirage da yawa, ko hukumar da ke son adana shaida, za su so bidiyon ya shiga na'urar ɗauka ko kwamfuta. A nan sunaye biyu za ka nema a takardar bayanin kaya: RTSP, wadda ke ɗauko bidiyon, da ONVIF, wadda ke sa manhajar wani kamfani ta gano kyamarar ta kuma juya ta. Ga kyamarorin da ba na FLIR ba, irin na Iris Innovations na Ingila ko Omnisense na Singafo, waɗannan biyun su ne ma'aunin da za ka fara gwada su da shi. Sai dai ONVIF ba ta ba ka tabbacin komai. Za ka iya samun hoto da juyawa, amma canza launin zafi ko kashe daidaitawa sai ka koma shafin kyamarar. Gwajin RTSP ba shi da wuya: kwamfuta da manhajar VLC sun isa. A gwada kuma na'urori biyu suna kallo lokaci ɗaya, domin akwai iyakar masu kallo da kowace kyamara ke ɗauka.

Abin da ya fi burge ni a haɗin manhaja shi ne matuƙi ya taɓa wani jirgi a rada ko a AIS, kyamara ta waiwaya can da kanta ta bi shi. A allo mai goyon baya, ta Ethernet ake yi. A manyan jirage masu rada mai zaman kanta, jerin M300 yana karɓar saƙonnin NMEA 0183: TTM don abin da rada ke bi, RSD don inda alamar rada take, BWC don zangon da aka nufa. Amma duk wannan ya rataya kan kamfas ɗin lantarki mai kyau, da an saita gaban kyamara daidai da hancin jirgi. Kuskuren digiri kaɗan a nesa yakan sa ta kalli ruwa tsagwaronsa. In jirginka ba shi da irin wannan kamfas, ka saka shi a kasafi, ko ka haƙura da biyan kuɗin wannan fasaha.

Ranar da aka haɗa, a canza kalmar sirrin da ta zo da ita. Kada a buɗe ƙofar kyamarar kai tsaye ga intanet don oga ya kalla daga ofis. A bi ta VPN, wato killatacciyar hanyar shiga daga nesa.

Ga ƙaramin jirgi mai allo ɗaya da ke tafiya a hankali a rafi ko bakin tasha, M232 kan allon da ya amince da ita ta wadatar. A kogunan Najeriya, inda NIWA, hukumar kula da hanyoyin ruwa na cikin gida, ta hana jigilar dare, wurin wannan kyamara jirgin ceto da na sintiri ne, ba hujjar ɗiban fasinja bayan magariba ba. Ga jirgin aiki a tekun Gini mai gudu da dare, ka nemi mai ɗigo 640, mai daidaita kanta, mai hanyar bidiyo biyu, da sandar juyawa daban don kada matuƙi ya riƙa lalube a allo ruwa na dukansa.

Kada ka biya cikon kuɗi sai an yi gwaji a kan jirgin, da dare. A ɗora ta a waje, domin gilashin taga yana tare zafi, kuma nesa da bututun hayaƙi da saitin bugun rada. In a kife aka rataye ta, a gaya mata a saiti, in ba haka ba hoto zai juye. A kunna rada da komai da komai a ga ko hoto na sarƙewa. A kashe babban makunnin jirgi a sake kunnawa sau da dama, a ga ko kyamarar na dawowa da kanta ba tare da an taɓa ta ba. Sannan injiniya ya bar maka takarda mai adireshin kowace na'ura, da lambar manhajarta, da zanen inda kowace waya ta bi, a ajiye kwafi ɗaya a ɗakin tuƙi ɗaya a ofis.