Dan Allah mata ku karanta kafin ku tura wa mai allurar cikon nono kuɗinku

Assalamu alaikum 'yan uwa mata. Wallahi na daɗe ina juya maganar nan a raina, in rubuta ko in bari, saboda abu ne na cikin gida kuma da kunya, amma jiya da daddare na sake ganin matar nan a TikTok tana tallan abin da ya kusa kashe 'yar kawuna, mata sai rububin tambayar farashi suke, shi ne na ce a'a, in na yi shiru Allah zai tambaye ni. Ba zan kama sunan yarinyar ba. Sunan matar kuma ba zai amfane ku ba don a iya sanina sau uku tana canza shi, amma salonta ɗaya ne, kuna gani za ku gane ta.

Mu a wani ƙauye muke a ƙasar Ringim. An sa wa yarinyar rana bayan babbar sallah, sai wata ƙawarta ta jefa ta a wani guruf na WhatsApp na gyaran amare. Da farko su tsumi ne da dilka da turaren wuta, abin da kowa ya sani. A nan matar ta fara saka bidiyonta da farar riga irin ta asibiti, tana kiran kanta dakta, wai a waje ta koyo aikin, wai abin da turawa suke sa wa mata a ƙirji da tiyata ita da allura take yi, ba yanka ba ɗinki, rabin awa kin tashi kin tafi gida kuma har abada ba zai zube ba. A ƙarƙashin kowane bidiyo mata sun cika, wannan ta ce Allah ya saka da alheri Anti maigida har kyautar waya ya yi min, waccan ta ce kishiyata ta rasa inda za ta sa kanta. Yarinya 'yar ƙauye da kullum ƙawaye ke tsokanarta wai ba ta da komai a gaba, me kuke tunani?

Ta kwashi adashinta, ta sayar da tunkiyar da kakarta ta ba ta a kasuwar Laraba, ta je wajen mai POS ta tura rabin kuɗin a wani akawun da sunan namiji ne ma a kai, matar ta ce na ƙaninta ne. Ta ce wa Inna za ta Kano duba kayan kicin. Ba asibiti aka kai ta ba, wani ɗaki ne a bayan shagon kayan kwalliya, katifa a ƙasa da labule, ta ce min ruwan a wata kwalba yake mara rubutu ko ɗaya, mai kauri kamar man kitso, sirinjin kuma babba irin wanda ake yi wa shanu allura. Aka haɗo ta da ƙwayoyi a leda wai na sa aikin ya zauna, da muka nuna su daga baya ashe sha-ka-fashe ne, wannan da ke kumbura fuska ya tayar da suga da hawan jini.

Sati biyu tana ɓoyewa a cikin hijabi, ko a tsakar gida ba ta cirewa. Ni na kama ta. Na shiga ɗakin Inna da hantsi na same ta kwance tana rawar sanyi ga zafin rana, na taɓa goshinta kamar garwashi, na ce ke me ke damunki, sai ta riƙe hannuna ta ce Yaya dan Allah kar ki gaya wa Baba. Da ta ɗaga rigar sai da na zauna a ƙasa. Ɓangaren hagu ya yi jawur yana sheƙi, wajen da aka soka allurar yana tsattsafo da ruwa mai wari, in ka taɓa sai ka ji ƙullutu ƙullutu masu tauri kamar tsakuwa har wajen hammata. Inna da ta shigo salati kawai take yi, ta ɗauka ciwon daji ne.

A babban asibitin da aka tura mu a Kano likitan bai yi mana faɗa ba, amma abin da ya faɗa ya fi faɗa ciwo. Ya ce ruwan da aka ɗura mata ba a cikin jaka yake ba irin wadda likitoci ke sa wa mata a ƙirji da tiyata, ya bi nama ya watsu, ba a iya zuƙo shi da sirinji kamar yadda aka zuba, sai dai a yanka a cire naman da ya kama, kuma ba lallai a cire duka ba. Ya ce ta yi sa'a bai shiga jijiyar jini ba, don in ya shiga yana iya zuwa huhu ya toshe, mutum ya mutu a take.

Tun daga ranar na zauna na yi ta karatu a kan abin, kuma ina so ku ji wannan da kyau don a nan matar take yaudarar mutane. Abin da turawa ke sawa jaka ce ta silikon, wani abu mai kama da roba, a ciki ko dai silikon mai kauri ko ruwan gishiri, likitan fiɗa ne ke sa ta a ɗakin tiyata, tun 1962 aka fara a Amurka. To ko ita wannan ɗin ta gaske ba lafiya lau ba ce. A 1992 hukumar kula da magunguna ta Amurka, FDA, ta taƙaita amfani da mai silikon ɗin, sai 2006 ta sake ba da izini, kuma har yau suna faɗa ƙarara cewa ba abin dindindin ba ne, tana iya fashewa, naman da ya kewaye ta yana iya ƙanƙancewa ya yi tauri ya dinga ciwo, dole a dinga yi wa mace hoto lokaci lokaci, da yawa sai an sake yanka su. A Faransa an yi wani kamfani PIP da ya dinga cika jakunkunan da silikon na masana'anta wanda ba a yi shi don jikin mutum ba, saboda ya fi araha, aka sa wa mata wajen dubu 300 a ƙasashe da dama kafin a hana a 2010, gwamnatin Faransa ta shawarci matanta su je a cire, mai kamfanin Jean-Claude Mas aka yanke masa shekara 4 a 2013. A 2019 kuma kamfanin Allergan ya janye wani samfurinsa mai kaushin baya saboda an danganta shi da wani nau'in kansa da ke fitowa a kewayen jakar. Wannan fa a ƙasashen da ke da doka da kotu da takardar kowace mace a ajiye kenan. Ita kuwa allurar silikon kai tsaye cikin nama don ƙara girman jiki, FDA ta fito a 2017 ta gargaɗi mutane cewa ba ta amince da ita ba sam. Ita ce ake yi wa 'ya'yanmu a kan katifa a bayan shago.

Abin da ya fi ƙona min rai shi ne yabon nan da ke ƙarƙashin bidiyonta. Da can mai maganin kasuwa sai ya zo da lasifika ranar kasuwa, kina ganin fuskarsa, in ya cuci wata ƙauye duk ya sani. Yanzu waya ta ba kowa baki, kowa na iya rubutu, shi ya sa muke ɗauka in mata hamsin sun yaba to gaskiya ne. Ni na gwada, na rubuta abin da ya faru a ƙarƙashin bidiyon nata na Facebook cikin ladabi, ko minti goma ba a yi ba aka goge, sai ga wasu akawun sun yo min ca a inbos wai 'yar hassada ce ni, wai kishiyar sana'a ce ta turo ni. Da na bi su ɗaya bayan ɗaya ba mai hoton gida ko na biki ko 'yan uwa, duk hoton fulawa ne, kuma uku daga ciki kuskuren rubutunsu iri ɗaya ne sak da nata. Gurufin WhatsApp ɗin ma ita kaɗai ke iya magana sai ta buɗe, wadda ta yi ƙorafi a cire ta. Yarinyarmu da ta tura mata hoton ƙirjin tana kuka, cewa ta yi ki gasa da ruwan zafi aiki ne yake yi, washegari ta yi bulokin ɗinta.

Dan Allah duk wadda ta ce miki za ta ciko miki nono ko mazaunai da allura, ki tambaye ta a wane asibiti, ina lasisinta na hukumar likitoci ta MDCN, ina lambar NAFDAC a jikin kwalbar, ki ga yadda za ta fara zagi. Kar ki tura ko sisi. In kuma an riga an yi miki, ki ajiye kunya ki tafi asibiti ko ba ki ji ciwo ba tukuna, ki faɗa wa likita gaskiyar abin da aka yi, kar ki tsaya kemis, kar ki bari a tsaga ko a yi ƙaho a wajen. Iyaye mata ku dinga lura da amare in an sa rana, nan ne ake kama su. Maza ma da ƙawaye masu yi wa yarinya gori a kan halittarta, da hannunku a ciki.

An ɗaga bikin. Kawu ya sayar da buhun gero shida zuwa yanzu, mun ajiye rasit ɗin POS da hotunan hirarsu za mu kai wa hukuma. Ranar Talata za mu koma a duba ɗinkin tiyatar farko da aka yi mata, a nan za a gaya mana ko sai an sake shiga da ita tiyata, da kuma ko za ta iya shayarwa da wannan ɓangaren nan gaba. Ku sa ta a addu'a.