Kyamarar da ta ɗauko mini wutsiyar doki

Jika talatin da biyar na ba da, a cikin goman ƙarshe na azumi, lokacin da kowa ke lissafin kuɗin ɗinki da na shinkafar Sallah. Shagon yana cikin babbar kasuwa, layin masu sayar da salula, ba sai na faɗi suna ba. Kwalin kyamarar ya sha rubutu: megafiksel 48, bidiyo 4K, zum har sau 16. Sunan kamfanin kuwa ban taɓa jin sa ba, kuma ba na jin akwai wanda ya taɓa ji a Maraɗi. Yaron shagon ya ce mini: “Alhaji, wannan ko daga Tibiri ka tsaya za ta ɗauko maka fada.” Muka yi dariya, na ƙirga masa kuɗi.

Dalilin sayen ɗaya ne. Ɗana na fari zai hau doki a hawan Sallah karo na farko, cikin tawagar kawunsa. Uwarsa ta yi sati biyu tana fama da maɗinki a kan rigar. Ni kuma na ce hoton salula bai isa wannan rana ba.

Ranar na tafi da wuri na kama wuri mai kyau kusa da ƙofar fadar Sarkin Katsinan Maraɗi. Rana ta buɗe, dogarai sun jeru da jajayen kayansu, algaita da tambura sun cika kunne. Da na hango tawagarsu daga nesa sai na danna zum. Nan na fara jin wani abu a cikina, domin gilashin gaban kyamarar ko motsi bai yi ba, hoton ne kawai ya kumbura a kan allo ya dagule kamar kunun da aka bari ya kwana. Na ce to bari su matso. Suka matso, yaro ya ɗaga hannu yana jinjina, rawaninsa ya zauna daram, na danna. Kyamara ta yi shiru tana tunani. Kafin ta yanke shawara doki ya wuce. Na sake dannawa, na sake, har sau bakwai. Da na koma inuwa na duba, abin da na samu shi ne wutsiyar doki sau uku, ƙura sau biyu, hular wani bawan Allah da ya gitta, sai guda ɗaya da yaron ya fito a ciki amma fuskarsa a shafe, ko ni da na haife shi sai da rigar na gane shi.

Da muka koma gida uwarsa ta miƙo hannu tun daga zaure. Ta duba, ta duba, ba ta ce komai ba, ta miƙo mini abata. Wallahi da ta yi faɗa da ya fi mini sauƙi. Hoton da aka wanke aka rataye a ɗaki yanzu, ƙanwata ce ta ɗauke shi da tsohuwar Tecno ɗinta.

Bayan Sallah na kai ta wurin wani dattijo mai ɗaukar hoton biki a unguwar Zariya, abokin mahaifina ne. Ya juya ta, ya leƙa gilashin, ya ce: “Ɗana, idon wannan bai kai ƙwayar gero ba.” Shi ya fahimtar da ni cewa 48 ɗin nan ba ido ne ya gani ba, manhajar ciki ce take ja wa ƙaramin hoto jiki har ya kai wannan lamba. Shi ya sa hotunan ke cinye katin memori amma babu komai a cikinsu. Zum ɗin ma na dijital ne, wato yanko tsakiyar hoto a buɗa shi. Zum na gaskiya, in ji shi, sai ka ga gilashi ya fito yana tafiya gaba da baya. Sai ya jawo wata Canon PowerShot SX160 IS daga aljihun jakarsa, fitowar 2012, fenti duk ya goge a gefe. Megafiksel 16 kacal. Ya tsaya a bakin ƙofa ya ɗauko wani mai kabu-kabu a can ƙarshen layi, har rubutun rigarsa ana karantawa. Na tsaya ina kallon hoton, ina tuna jikkunana.

Don kada in zama marar adalci, tawa ba ta rasa abin yabo ba. Ba ta da nauyi, tana shiga aljihun riga, kuma da cajar salula ake yi mata caji. In mutum ya tsaya cak, da safe, a tsakar gida, hoton yana fita daidai gwargwado. 'Yata ta karɓe ta tana ɗaukar kaji da ƙawayenta, kuma tana jin daɗinta ƙwarai. A matsayin abin wasan yara zan iya cewa ba laifi.

Sai dai ni ba abin wasan yara na je saye ba, kuma ba haka aka ce mini ba. Da na mayar da ita shagon, yaron da ya yi mini zancen Tibiri cewa ya yi ai na yaga ledar kwali, kuma maigidansa ya tafi Katsina saro kaya. Na koma sau biyu, kullum maigida yana Katsina. A zuwa na uku har ya ba ni shawara wai in riƙa cewa mutane su tsaya kafin in danna. Doki a tsakiyar hawa zan ce wa ya tsaya? Ban da haka, da magariba ta yi ba ta ganin komai, filashin nata bai wuce taku uku ba. Bidiyon da aka kira 4K kuwa yana tsalle-tsalle, muryar mutum kamar daga cikin rijiya. Ina rubuta wannan ma raina yana sake ɓaci.

Dattijon ya samo mini irin tasa ta hannu a wurin wani da ya daina sana'ar. Kafin in biya sai da na sa yaro ya ruga a gabana na ɗauke shi, muka zuba hoton a kwamfuta muka buɗa, na kuma haska gilashin na tabbatar ƙurar hunturu ba ta shige ciki ba. Batir AA guda biyu take ci, irin na rediyo, sai dai na teburin mai shayi ba sa jimawa, don haka na sayi masu caji guda huɗu. Kawun yaron ya ce zai sake ɗora shi a Babbar Sallah, uwarsa kuma ta riga ta gaya wa ƙanwata ta zo da salularta ko da na ce ba sai ta zo ba.