Na sake turo fim ɗin gidan sarauta na Salman Khan, ga yadda mutanenmu sunka gan shi

Masu tambayata ko Prem Ratan Dhan Payo ya kai a ba shi wuri a memori, amsata eh ya kai, amma fa da sharaɗi. In kai irin samarin nan ne da ba su ganin fim ya yi sai an tashi mota sama an fasa gilashi an daki mutum goma da hannu guda kamar yadda ƴan Indiya ta kudu ka yi, to riƙe kuɗin turinka tun wuri, wanga ba naka ba ne. Fim ne na zama tsakar gida da iyali bayan isha'i, kusan awa 3 kuma ba sauri garai ba ko kaɗan.

Bari in fara da inda na samo shi don shi ma akwai magana. Wani shagon turi ne nan kusa da babbar kasuwar Birnin Kebbi, ba zan faɗi suna ba kar a ce talla nike ko ɓatanci. Yaron shagon yana da kala biyu, mai fassarar Hausa da kuma na asali mai rubutun turanci a ƙasa, kuma mai fassarar ma akwai babba akwai ƙarami. Don Allah kar wanda ya amshi ƙaramin don gudun cika waya, hoton dishi-dishi yake, kuma wanga fim rabin daɗinshi duk ga ado ne da kaya da fitilu, in hoto ya mutu mi ya rage? Abin da na yaba ma yaron shi ne ba ya barin ka tafi sai ya buɗe maka ka gani yana yi, ya ja gaba ya ja baya. Duk da haka wanda ya fara ba ni daga wajen ƙarshe murya tana riga baki, mutum ya gama magana sannan leɓenshi ya fara motsi, da na koma bai yi gardama ba ya sake tura min wani bai amshi ko sisi ba, Allah ya yi mai albarka. Inda suke da saura shi ne kwamfutarsu, kowa ya zo a soka memorinshi ba a dubawa, in kana da hotuna ko takardu masu amfani kar ka kai wannan memorin, nemi wani daban na fina-finai kawai.

Fim ɗin dai ba sabo ba ne, Nuwamban 2015 ya fito lokacin bikin Indiyawa na Diwali, kamfanin Rajshri ne kuma Sooraj Barjatya ya ba da umarni, mutumin da ya yi Maine Pyar Kiya a 1989 da Hum Aapke Hain Koun a 1994 da Hum Saath-Saath Hain a 1999, wato duk wanda ya tashi zamanin kaset da bidiyo ya san hannunshi, gida babba, biki, dangi tuli, waƙa bayan waƙa, jarumi kuma sunanshi Prem. Shekara 16 anka yi shi da Salman ba su haɗu a fim ba sai wanga, shi ya sa lokacin da ya fito anka yi ta ɗoki.

Labarin a gurguje, Salman ya fito mutum biyu. Akwai Yarima Vijay na masarautar Pritampur mai gashin baki da ɗaure fuska wanda za a naɗa, akwai kuma Prem ɗan wasan kwaikwayo talaka daga Ayodhya mai fara'a da surutu. Ƙanen yarima ɗan ubanshi Ajay, wato Neil Nitin Mukesh, shi da wani mugun bafadenshi Chirag sunka shirya anka tura keken dokin yarima daga kan dutse, bai mutu ba amma ya kwanta, sai Diwan wanda kamar wazirin gidan ne, Anupam Kher ke nan, ya ɗauko Prem ya sa shi a madadin yarima kafin ya warke. Ga gimbiya Maithili, Sonam Kapoor, wadda anka yi ma baiko da yarima amma ba sa jituwa, ga kuma ƙanne mata biyu ƴan uba da sunka bar fada sunka koma gidan haya suna shari'ar gado da yayansu.

To nan ne fa ya kama mutanen gidanmu, ba soyayyar ba. Inna tun daga inda anka nuna Chandrika, babbar ƙanwar, tana ƙin gaida yayanta ta gyara zama, ta ce wanga ai ba labarin Indiya ba ne, ƴan ubanci ne tsagwaronshi, uba ya tara mata ya mutu ya bar ɗiya da wuta. Duk abin da yarinyar ta yi Inna tana bayanta, ta ce wanda anka wulaƙanta uwarshi a gabanshi yana ƙarami ba ya mantawa ko za a ba shi duniya, kuma ni ma a ganina Swara Bhaskar da ta yi Chandrika ita ce ta fi kowa wasa a fim ɗin duk da ba ta samu wuri da yawa ba, fushinta na gaske ne, ba ta ihu ba ta zagi, kallo kawai za ta yi ka san akwai tsohon ciwo. Matar yayana kuma ita ba ruwanta da shari'a, kaya take kallo, sari da lehenga da sarƙoƙi, har tsayar da fim anka riƙa yi tana ɗaukar hoton wuyan riga za ta kai ma tela, ta ce ko don ɗinkin sallah kuɗin turi bai faɗi banza ba.

Ƙanena da abokanshi tun kafin a kai rabi sunka fara danna waya. Ɗaya ya ce yaya wanga fim ko biki, kowane motsi waƙa, a je kasuwa sayen tsaraba waƙa, a buga ƙwallo waƙa. Kuma gaskiyarsu ce ta wani ɓangaren, waƙoƙin Himesh Reshammiya ne kuma sun yi yawa, biyu zuwa uku ne ka zauna a kai sauran cikon lokaci ne. Sun ɗan farfaɗo a faɗan ƙarshe cikin gidan madubai da anka gina bisa ruwa mai zubowa, amma ko nan ɗin cewa sunka yi aikin kwamfutar ya fito fili, haka ma faɗuwar keken doki ta can baya, yaro ma ya san ba gaske ba ne. Ban yi musu da su ba.

Wanda ya fi ba ni dariya shi ne Kawu, shi mutumin Shiyar Fada ne ya tashi cikin dogarai da masu kakaki, bai cika kallo ba amma ya zauna don an ce mai na sarauta ne. Yana gani anka sa baƙo kayan yarima ya shiga fada ba wanda ya gane sai ya ce a'a, wanga ƙarya ce, a fadar gaske ko tafiyarka ta sake bayin sarki sun gane balle murya, wanda ya yi maka naɗi shekara ashirin zai kasa gane kanka? Sannan ya tambaya ina masu zaɓen sarki, ina hakimai, ina talakawan da ka kawo ƙara, sarauta ce ko gidan mai kuɗi? Na ce Kawu ai can sarautar tasu ba irin tamu ba ce yanzu, lokacin da Indiya ta samu ƴanci a 1947 akwai masarautu sama da 500 duk anka haɗe su cikin ƙasa, kuma a 1971 gwamnatin Indira Gandhi ta soke albashin da aka ba sarakunan da matsayinsu a hukumance, abin da ya rage masu sai gidaje da filaye da suna, da yawa ma sun mai da fadojin otal musamman a Rajasthan. Ya ce to shi ya sa, faɗan dukiya suke ba faɗan sarauta ba. Kuma wallahi ya faɗi daidai, mu nan da munka ga yadda shari'ar sarautar Gwandu ta faro tun 2005 anka yi ta hawa kotu ana sauka shekara da shekaru mun san rikicin gadon sarauta ba abu ne na kwana huɗu ba.

Wanga shi ne babban abin da ni ma nike ƙorafi a kai. Fim ɗin ya ɗauko ciwo na gaske ya ɗora mai maganin wasa. An gina gaba tun ana yara, uwaye sun yi kishi, ɗiya sun gada, an kai ga lauyoyi, har ƙane ya nemi ran yayanshi, sai kawai a buga ƙwallo maza da mata a filin fada don a jawo ƙaramar ƙanwa, a kawo takarda a ce an sallama maku dukiya duka, a yi kuka a rungume juna shi ke nan an shirya. Ajay da ya tura ɗan uwanshi rami ko ɗaurin kwana guda bai yi ba, laifi duk anka tattara anka ɗora ma bafade shi ya faɗa ya mutu, wato jinin sarauta ba ya laifi sai dai a zuga shi. Inna ta ce haka ya kamata, jini ya fi ruwa kauri kuma yafiya ba ta yin yawa, har da hawayenta. Ni kuma na ce Inna yafiya daban, a bar mai kisa ya ci gaba da kwana gida ɗaya da kai daban. Ba mu daidaita ba har yanzu. Abin da na yarda da ita shi ne wurin takardar yana taɓa zuciya ko kana sane da cewa wasa ake da hankalinka, don Chandrika ba dukiyar take nema ba tun farko, so take a amsa cewa ita ma ɗiyar gidan ce, kuma wanga duk wanda ya fito gidan yawa ya san shi.

Salman kuma Prem ɗinshi ya fi yarimanshi nesa ba kusa ba. In yana Prem sakin jiki yake kamar ya koma shekarun 90, in ya sa gashin baki ya zama yarima sai ya sandare, ɗaure fuska kawai yake ba wani abu ciki. Sonam kyau da kaya ta ba mu, wasan kam da sauranta, kuma tazarar shekarunsu tana fitowa, shekara kusan 20 ya ba ta, matar yayana ma sai da ta ce kamar kawu da ɗiyar ƙanwarshi.

Fassarar Hausa ta taimaka ƙwarai, ba don ita ba Inna da Kawu ba za su zauna ba, kuma masu muryar sun iya barkwanci, abokin Prem ɗin nan Kanhaiya a Hausa ma ya fi ban dariya. Sai dai a wuraren kuka wani lokaci mai fassara yana saka raha inda bai dace ba ya kashe wurin, kuma in anka zo magana kiɗan baya yana nutsewa ya dawo ya nutse. Wanda ya iya karanta turanci da sauri ya amshi na asali ma ya ajiye, ya kalla shi kaɗai daga baya, zai ga bambanci.

Masu tambaya ko ana iya kallo da yara da manya, galibi eh, tsafta garai in ka gwada da fina-finan yanzu, ba sumbata ba batsa. Amma wuri biyu ka riƙe rimot. Farkon fim wasan addininsu ne na Ram Leela da waƙarshi, wasu gidajen ba sa son yara su ga wannan, ka wuce shi ba abin da za ka rasa a labari. Sai wurin da gimbiya ta sa guntuwar riga ta miƙa mai gashin tsuntsu ta ce ya yi mata rubutu a baya, mu dai da anka zo nan Kawu tashi ya yi wai zai duba awaki, Inna ta ce kai wuce mana da wannan, ni kuma rimot ya ƙi amsawa sai da na bubbuga batir. Yana bayan rabi, cikin dare ne a fim ɗin, da ka ga an kunna fitilu an fara kiɗa a hankali ka fara ja gaba.

A majalisarmu ta wurin mai shayi da na tada maganar washegari ƴan sama da shekara 35 duk sun ce ya yi, ƴan ƙasa da haka sun ce barci, mutum ɗaya ne kawai ya ce shi haushin ƙarshen yake ji, yarima ya ɗauki matar da anka yi mai baiko da ita ya kai ma wani har gida da rakiyar dangi, ya ce a garin nan ko ɗan mai unguwa ba zai yi haka ba balle ɗan sarki. Ni dai in maki ne 6 cikin 10 na ba fim ɗin, shagon kuma 7, da sun gyara maganar memori da sun samu 8. Ku amshi babban kwafi, ku sa a talabijin ba waya ba, kuma ku tabbata akwai caji ko mai a janareto don tsawonshi ya fi ƙarfin wutar unguwarmu.