Shagon tsoffin kayan ɗaki a Katako: abin da na saya da abin da na bar masa

Masu tambayata ina na samo buhen (kabad ɗin zuba kwanuka) da ke salona, wato falona, to kasuwar Katako na saye shi, nan cikin Yamai. Shago ne na wani dattijo Ba'adare can ɓangaren masu saida katako, babu allo babu suna, rumfar kwano ce doguwa an cusa kaya har sama, almuwar (kabad ɗin tufafi) kan almuwar, kujeru a kife bisa tebura, ƙura kuwa kar ma ki je da fararen kaya. Wurin ya yi, kuma zan koma, amma ba wurin da za ki aiki yaro da kuɗɗi ya sayo miki ba ne. Sai kin je da idonki da hannunki.

Yawancin manyan kayan daga gidajen tsoffin ma'aikata sunka fito, irin na unguwar Filato, kayan zamanin Diori da Kountché, wato tsakanin 1960 da 1987, da magada ke fiddawa in za su gyara gida. Akwai kuma na Turawa masu komawa gida, waɗannan sun yi yawa tun 2023 da anka fara tattara komatsai, har ambasad ɗin Faransa ta rufe a Janairun 2024. Can ƙurya ya jingine namu na iyaye, gadajen ƙarfe masu rumfa, akwatunan ƙarfe (kantin) da amare ke zuba lefe, adaka, ƴan kujerun tsugunno. Su ba ya ma damuwa da su sosai, ni kuwa nan na fi daɗewa tsaye.

Abin da ya kai ni wurin tsoffin kaya tun farko, yanayin garin nan ne. Sabon salon da ake kawowa cikin kwantena, mai ƙyalli da ruwan zinari, da yawansu garin katako ne anka danne da gam anka liƙa masa fata mai sheƙi. Zafin Afrilu da Mayu ya haura 40 ya ɗaga fatar, damina ta zo ya sha danshi ya kumbura, hunturu ya zo ya busar da shi, shekara biyu ƙofa ta fara rataya don sukurin ba ya da inda zai riƙe. Kuma da anka rufe iyakar Benin a 2023 kaya sunka koma zagayowa ta Lome da Burkina, kuɗɗinsu ya zama ba daɗin ji. Tebur ɗin da ya yi shekara hamsin a Yamai bai tsage ba, ya riga ya gama duk motsin da zai yi, wannan shi ne abin da kike biya.

Buhen nawa jan katako ne, dattijon ya ce iroko ne daga Kodibuwar, kuma nauyinsa ya gaskata shi don sai da ƙarti huɗu sunka ɗaga. Ƙofa uku a ƙasa, tiruwar (aljihunan da ake jawowa) a sama, da ƴan ƙafafu sirara masu ɗan karkata irin na shekarun 1960. Na sa anka jawo shi waje cikin rana anka juya bayansa, na zare tiruwar ɗin duka. Ki duba yadda anka haɗa kusurwa, in katako ne ya shiga cikin katako an sassaƙa masa mazauni to aikin kafinta ne na gaske, in kuwa ƙusa ce da gam kawai, ki rage kuɗɗi ko ki wuce. Nawa sassaƙe ne duka, bayan kawai anka taɓa canzawa da falange, shi ma bai ɓoye ba, da kansa ya nuna min. Ya fara da jikka 150 na sefa, munka tsaya 95, da kuɗɗin dako a kaina. Ciniki da shi akwai daɗi, ba ya fushi ba ya rantse-rantse, sai dai ya ce “ɗiyata ƙara dai, albarka”, in ce “Baba ai ka san albashi bai shiga ba”, ya yi dariya ya aika a kawo shayi.

Inda ban ji daɗi ba shi ne berni, wato man da ake shafa wa katako ya yi ƙyalli. Yaransa na da wata ɗabi'a, kaya na shigowa sai su zuba masa berni mai duhu kauri guda ba tare da sun kankare tsohon ba, wai don ya yi ido. Wannan na rufe komi, da kyan katakon da aibinsa. Wata almuwar mai madubi ta ɗauke min hankali, ƙyalli kamar ta amarya, na ƙwanƙwasa gefenta da makulli na ji ƙarar fanko, na danna ƙafar baya yatsana ya kusa shigewa, gara ta cinye cikin ta bar ɓawo. Da na nuna masa sai ya ce ai kafinta zai gyara da jikka biyar. Wallahi ba zai gyaru ba, kuma in kin kai irinta gida ki jingina da bango, sauran kayanki ma sun shiga uku. Ki duba ƙasan kowane abu ko akwai gari-gari mai laushi da ƴan ƙananan huji, wannan ƙwaron katako ne yana ciki yana aiki. Ki duba ƙafafu kuma, in kin ga layi ya zagaye su tsawo ɗaya, ƙasa ya fi sama duhu, ruwa ya taɓa kwana da shi, ku tuna ambaliyar 2020 da ta shiga gidaje a Harobanda da Saga, kayan nan ba duka anka zubar ba.

Fotai, wato kujerun falo masu soso da yadi, ni dai ban ba kowa shawara ba sai in za ki cire komi ki bar ƙashin katakon. Ƙazunzumi na ɓoyewa cikin ɗinki ya yi watanni ba ci, kuma sosan da ya tsufa ruɓewa yake ya zama gari. Na ɗauki biyu masu hannun katako jikka 12 kowace, na kai wa mai tapisri, wato mai ɗinkin kujeru, a unguwarmu ya sa sabon soso ya rufe da farin saƙi mai ratsin baƙi, kuɗɗin gyaran ya fi na sayen amma yanzu kowa ya shigo kansu yake zama.

Akwai wani ɓangare da yake kira kayan Buzaye, turakun tanti masu sassaƙa, ƙafafun gado, akwatunan fata. Wasu tsoffi ne da gaske, za ki ga inda hannu da igiya sunka cinye itacen ya yi santsi. Wasu kuwa jiya anka sassaƙa anka shafa musu toka da mai, kuma kuɗɗin Turawa yake sa musu ko da yake Turawan sun ragu. In sabon aiki kike so, gara ki je wurin masu sana'a na gidan tarihi na Boubou Hama ko na Wadata, ki ga mai yin da idonki ki biya shi kuɗɗin sabo.

Gadon ƙarfe mai rumfa ne na bari raina na kansa. Irin na kakata a Tawa ne sak, da tsuntsaye biyu a allon kai da ƙananan madubai, fentin ya kwaile amma ƙarfen lafiya lau, tsatsa sama-sama ce. Jikka 40 ya ce. Matsalar tsawo da faɗi, tsoffin gadajen ba su yi daidai da katifun yanzu ba, sai an yanka soso a ma'auninsa, kuma maigida ya ce shi ba zai riƙa hawa gado da tsani ba. Don haka ki zo da ma'auni, ki auna ƙofar ɗakinki ma kafin ki fito, waɗannan almuwar ɗin na da ba duka ke kwancewa ba.

Sauran bayani, yana buɗewa da hantsi, Juma'a kuwa sai bayan an sauko masallaci. Ki je da safe kafin rumfar ta yi zafi, kuma haske ya fi kyau don duba kaya. Yana karɓar kuɗɗi hannu ko ta kamfanin aika kuɗɗi na Nita, rasit babu, mayarwa babu, in kaya ya bar ƙofa ya zama naki. Ƴan dako da masu amalanke na nan bakin hanya, ki yi ciniki da su kafin a ɗora, ki kuma zo da tsohon bargo a naɗe kusurwoyi don ba su da tausayin kaya. Na bar masa lambata in tebur ɗin cin abinci mai kujeru shida ya shigo, na kuma roƙe shi kar yaran su taɓa shi da berni kafin in zo.