Buhun PICS wajen ajiyar masarar gugguru

Masarar gugguru ba ta jure huda ko kaɗan. Abin da ke sa ta fashe shi ne tururin da ke taruwa a cikin ƙwayar har zafi ya kai wajen digiri 180, kuma ɓawonta mai tauri ne ke riƙe shi. Da ƙwaro ya yi mata rami ɗaya, tururin ya samu hanya, sai ta ƙone a gindin tukunya ba ta buɗe ba. Shi ya sa buhun PICS, buhun ajiyar hatsi da ba ya barin iska ta shiga, ya fi yi wa mai gugguru amfani a kan mai masarar tuwo.

Jami'ar Purdue ta Amurka ce ta ƙirƙiro shi, da farko don wake. Leda biyu ne masu kauri a ciki, da buhun saƙa a waje, ana samun na kilo 50 da na kilo 100. Ba a sa magani. Ƙwarin da kansu suke shanye iskar da ta rage, su daina ci, su mutu. Danshin ƙwayar kuma yana zama yadda aka zuba ta, wanda ke da muhimmanci sosai, don gugguru ta fi tashi a danshin kashi 13 zuwa 14 cikin ɗari. A buhun banza, iskar hunturu kan busar da ita har ta ƙi fashewa.

Kafin zubawa, a hura kowace leda a matse a ga ko tana fitar da iska. A zuba ƙwaya kaɗan da busasshen gishiri a kwalba a girgiza. In gishirin ya manne a jikin kwalbar, masarar ba ta bushe ba, a mayar da ita rana, in ba haka ba za ta yi fumfuna. A matse iska, a murɗa bakin leda ta ciki, a lanƙwasa, a ɗaure, sannan ta biyu, sannan buhun, kowanne da ɗaurinsa.

Rauninsa huda ne. Ɓera, tsinken totuwa ko ƙusa suna lalata shi, don haka a ɗora shi a kan katako nesa da bango. Yawan buɗewa ma yana sake ba ƙwari iska.

Ba ya gyara ƙwayar da aka riga aka ci. Mai saye a kasuwar hatsi ta Dawanau da ke Kano ya ɗebi ƙwaya 100 daga kowane iri ya ƙirga masu rami, ya soya kowane iri dabam. Wanda ya fi tashi, shi ya cancanci kuɗin buhun.