Gargaɗi: masu sayar da tsohuwar Marsandi da suka sauya wa fuska

Jama'a, ina rubuta wannan ne da ɓacin rai, domin abin da ya sami ƙanina bai kamata ya sami wani ba. Ba zan ambaci sunan dillalin ba, maganar tana hannun manya, amma zan faɗi yadda suke aikin tun daga farko, don duk wanda ya ga irin alamun ya riƙe kuɗinsa.

Motar Mercedes-Benz S550 ce, baƙa, samfurin da ake kira W221, wanda aka ƙera daga 2005 zuwa 2013. A Facebook ya ga hotonta, an rubuta cewa ƙirar 2012 ce, ta wani Alhaji da ba ya hawa sai ranar Juma'a, kuma kuɗi yake nema da gaggawa. Farashin bai kai na Camry mai tsabta ba. Ya kira ni yana murna: "Yaya, Allah ya kawo mini rabona." Na ce masa, in ka ga zomo yana rawa a bakin hanya, makaɗinsa yana cikin daji. Bai ji ba. Dillalin ya riga ya gaya masa akwai wani mai saye da zai taso daga Abuja da yamma, don haka ya ba da kafin alƙalami tun bai kira bakanike ba.

Ƙaryar farko a shekarar motar take. A 2009 kamfanin ya sabunta fuskar wannan samfurin, ya sa mata sababbin fitilu da bamba. To waɗannan mutanen sai su sayi ta 2007 ko 2008 da arha, su cire fitilunta da bambarta, su ɗaura na sabuwar, su yi mata fenti, su kira ta 2012. Ido ba zai gane ba, amma lambar shasi ba ta ƙarya. Haruffa da lambobi 17 ne, tana ƙasan gilashin gaba ta ɓangaren direba da kuma jikin ginshiƙin ƙofa. A motar da aka ƙera domin kasuwar Amurka, na goma a jerin shi ne shekara: 8 na nufin 2008, 9 na nufin 2009, A 2010, B 2011, C kuma 2012. Da muka duba ta ƙanina daga baya, 8 muka gani. Minti ɗaya ya isa wannan binciken, kuma kyauta ne.

Sai maganar ƙafafu, wadda ita ce ta fi cinye masa kuɗi. Wannan motar ba a kan sifirin na ƙarfe take zaune ba, a kan jakunkunan iska take, kowace taya da tata, ga kuma ɗan injin da ke hura su. Shi ya sa in kana ciki kamar kana kan katifa. Amma jakar roba ce, shekara goma sha biyar ta wuce, ga zafin rana ga ramukan titunanmu, dole ta tsattsage. In ta fara yoyo, motar takan kwanta cikin dare, da safe ka tarar da ita ta durƙusa kamar raƙumi. Injin hurawar ya yi ta aiki ba hutu har shi ma ya ƙone. Dillalin ya san da haka sarai, shi ya sa duk lokacin da ƙanina ya je dubawa, sai ya tarar motar tana kunne, an ce wai ana sanyaya masa ciki ne. Ashe ana hura ta ne don ta tsaya daidai, ana kuma ɗumama injin motar don kada a ji ƙarar da yake yi in an tashe shi da sanyi. Duk wanda ya hana ka ganin mota da sassafe, ta kwana a kashe, ka tashe ta da hannunka, to akwai abin da yake rufewa.

Fitilun gargaɗi na gaban direba kuwa, goge su ake yi da na'ura kafin mai saye ya iso. Sukan yi shiru na ɗan lokaci, sai an yi tafiya su dawo. Ta ƙanina a hanyar Zariya ta tona asiri, kwana uku da biyan kuɗi. Giyar ta maƙale, ta ƙi canzawa. Giyar wannan motar mai hawa bakwai ce, a cikinta akwai wani faranti na lantarki da aka san yana lalacewa in ta tsufa, kuma ba a canza shi haka kawai, sai an saita shi da kwamfutar da ta san Marsandi. Da janwe aka dawo da ita Kano.

Abin da ya sa hawaye suka zo mini shi ne lokacin da bakaniken ya ɗaga kafet. Ya kira ni gefe ya ce, "Alhaji, wannan motar ta sha ruwa." Ga busasshen laka a ƙarƙashin kujeru, ga tsatsa a ƙusoshi, bakin wayoyi duk sun yi kore. A Amurka in ambaliya ta cinye motoci, kamar yadda guguwar Harvey ta yi a Houston a 2017, ko Ian a Florida a 2022, kamfanonin inshora sukan biya masu su, sannan a yi gwanjonsu a matsayin lalatattu. Da yawa a Afirka ta Yamma suke ƙarewa. Da wannan lambar shasin dai, in ka biya ɗan kuɗi a Carfax, shafin intanet mai ajiye tarihin motocin Amurka, za ka ga tarihin motar da nisan da ta ci kafin ta baro can, wani lokaci ma in ka sa lambar a Google hotunan gwanjon za su fito. Lambar motar ƙanina ta nuna mil ɗin da ta ci ya ninka abin da agogonta yake nunawa.

Ni ban ga laifin motar ba. Mota ce ta gaske, amma an ƙera ta ne domin mai ƙarfin riƙe ta, kuma farashinta ne kawai yake faɗuwa da tsufa, na kayan gyaranta ba ya faɗuwa, da dala ake sayo su. Injinta mai silinda takwas ne, juyen baƙin mai ɗaya ya haura lita takwas. Na farkon samfurin batir biyu gare su. Man fetur kuwa, tun da aka cire tallafi a watan Mayun 2023 kowa ya san halin da ake ciki. In ka shiga Ƙofar Ruwa, kasuwar kayan gyaran mota ta Kano, neman jakar iska, mafi yawa tsohuwa za a ba ka, wadda aka ciro daga wata motar mai shekaru irin na taka, ta yi wata biyu ta sake fashewa. Dillalin bai faɗi ko ɗaya daga cikin wannan ba, cewa ya yi "mai da ruwa kawai take buƙata."

Takardun kwastan ma ku kai ofishinsu a tantance kafin ku biya, kada ku yarda da wanda dillali ya ce shi zai kira muku. Bakaniken da zai duba motar shi ma naku ne zai zama, ku biya shi da kanku, ya zo da kwamfutarsa, a ɗaga motar a leƙa ƙasanta.

Yau wata huɗu ke nan motar tana gareji an rufe ta da tamfol, ƙanina ya koma hawa Keke Napep zuwa shagonsa, kuɗin da ya tara na shekara uku suna ƙarƙashin tamfol ɗin nan. Shekaranjiya na ga mutumin ya sake sa wata a shafinsa, wannan karon Range Rover ce fara, ya rubuta wai ta wata Hajiya ce da za ta tafi Umara.